Kafin Mu Sake Fitar da Kuɗin Ƙungiya: Wace Kwamfuta Ce Ta Dace da Aikinmu?

Jawabin akawun ƙungiya a taron zagayowar ranar kafuwarta, Maraɗi





Yawancinku a bayan tebur kuka san ni, ina karɓar kuɗin wata ina rubuta rasit. Ban saba tsayawa gaban manya ba. Shugaba ne ya ce in tashi, domin akwai maganar da kwamiti ya kasa rufewa: reshenmu na bakin iyaka yana bukatar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda a nan muke ce wa ordinatar, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma su ce laftof. Kuɗin da aka ware ba su da yawa, kuma kuɗinku ne, shi ya sa za a ji ra'ayinku yau. Ban da wannan, da dama daga cikinku sun same ni a ofis da tambaya iri ɗaya. Wani yaronsa ya samu jami'a an ce ya zo da kwamfuta. Wata tana so ta daina lissafin bashi a ka. Kowa tambayarsa: wace ce mai sauƙin kuɗi da ba za ta ba ni kunya ba? To, bari in amsa wa kowa a zama ɗaya.

Ni ba injiniya ba ne. Karatuna bai wuce sakandare ba. Abin da na sani a kan wannan na'ura na koye shi ne da asara, kuma asarar ba tawa ba ce ni kaɗai. Da ita zan fara.

Lokacin da ƙungiya ta yanke shawarar sayen kwamfutarta ta farko, ni aka aika. Na shiga shago, na ga wata tana sheƙi, fuskarta babba, ga takarda liƙe a jikinta an rubuta Core i7. Na taɓa jin cewa i7 ita ce babba, don haka ban tambayi komai ba. Mai shago ya kunna mini ita, hoton ruwa da duwatsu ya fito, na biya. Ranar da na kawo ta, kun tafa mini.

Wata na farko na lura tana daɗewa kafin ta tashi. Nakan kunna ta in je in sayo shayi. Batirinta bai kai rabin awa ba. Sai ga watan Agusta na 2023, aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ta yanke. Kun tuna yadda garin nan ya kasance. A daidai lokacin da mambobi suka fi bukatar ofis, kaya sun maƙale a hanya, kowa yana neman takarda, kwamfutarmu tana zaune kamar faranti. Bayan an buɗe iyaka a watan Maris na 2024 na ɗauke ta a babur zuwa Ɗan Isa. Ban kashe ta sosai ba, murfin kawai na rufe. Da na dawo na kunna, sai na ji wani ƙas-ƙas daga cikinta. Mai gyara ya duba ya ce faifan ajiyar ya mutu. Lissafin kuɗin wata na watanni masu yawa yana ciki, kuma ban ajiye shi a wani wuri ba.

A makon ne wata uwarmu mai fataucin aya, tana zaune a cikinmu yanzu, ruwa ya lalata mata kaya, ta zo neman taimakon asusu. Dokarmu ta ce sai wanda ba a bin sa kuɗin wata. Ta ce ta biya. Na san ta biya, domin da hannuna na karɓa. Amma ba ni da abin nunawa. Kwana uku ana ja-in-ja, har aka fara kallon matar da ta haife mu kamar mai ƙarya. Abin da ya fid da mu shi ne tsohon littafin ma'aji, wanda nake yi masa dariya a ɓoye saboda ya ƙi barin biro da takarda. Baba ma'aji, na nemi gafararka a ofis, yau ina sake nema a gaban jama'a. Hajiya, ke ma ki yafe mini.

Daga nan na zauna wurin masu gyara, na yi tambaya har suka gaji da ni. Abin da na taho da shi ke nan: mu 'yan kasuwa ba mu sayen buhun wake sai mun soka masa ƙarfe mun ga abin da ke ciki, ba mu sayen sa sai mun duba haƙori. Kwamfuta kaɗai ce muke saya da ganin fata. Ita ma tana da haƙoran da ake dubawa, kuma ba sai mai digiri ba.

Abu na farko, tun kafin a je kasuwa, mutum ya faɗa wa kansa gaskiyar aikin da zai yi. Namu a ƙungiya sananne ne: rubuta wasiƙa, cika jadawalin lissafi, buɗe takardun da masu fitar da kaya a duwan da kwastan suke turowa, aika saƙo, buga takarda a firinta, wani lokaci taro ta bidiyo. Aikin ɗalibi ma kusan haka yake, in ba zanen gini ko haɗa fim zai karanta ba. Irin wannan aiki ba ya bukatar kwamfuta mai tsada. Yana bukatar wadda za ta tashi da wuri, ta jure ƙura da zafi da jijjigar hanya, ta riƙe wuta, kuma in ta lalace a samu kayan gyaranta a Maraɗi ko Katsina.

A cikin kowace kwamfuta akwai abu uku da ke yanke mata hukunci. Ku ɗauke ta kamar shago. Akwai yaron shago mai kai da kawo, shi ne furosesa. Akwai tebur da ake baza kaya a kai lokacin ciniki, shi ne RAM. Akwai kuma sito inda kaya suke kwana, shi ne ma'ajiya.

Mu fara da yaron shago, domin a nan aka kama ni. Sunan i3 ko i5 ko i7 rabin labari ne. Kamfanin Intel yana fitar da su zubi-zubi, abin da masu sayarwa suke kira janareshin, kuma akwai i7 a tsohon zubi, akwai a sabo. Zubin yana cikin lambar da ke bin sunan. In ka ga i5-8250U, lambar farko 8 ce, wato zubi na 8. In ka ga i7-4600U, zubi na 4 ne, tun wajen 2013. In lambar ta fara da 10 ko 11 ko 12, kamar i5-1135G7, to lambobi biyun farko ne zubin. Wadda na sayo wa ƙungiya i7 ce da gaske, mai shago bai yi ƙarya ba, amma ta zubi na 4 ce. Ita tana da hannu 2 na aiki, i5-8250U kuwa tana da 4. Ƙaramin suna a sabon zubi ya fi babban suna a tsohon zubi.

Lambar 8 ɗin nan ku riƙe ta, akwai dalili na biyu. Kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar da ke kanta ba za ta mutu ba, tana nan tana aiki, amma gyaran tsaro da ake turowa ya tsaya, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista, shi ma mai ƙarewa ne. Windows 11 kuwa, a ƙa'idar kamfanin, daga zubi na 8 take farawa. A ɓangaren kamfanin AMD, irin su Ryzen 5 3500U zuwa sama suna ciki. Wannan ya sa tsofaffin kwamfutoci na zubi na 6 da na 7 suke da arha, kuma za ku ga an tura mana su da yawa. Masu gyara sun iya cusa wa tsohuwa Windows 11 ta ƙarfi, saboda haka ganin Windows 11 a fuskarta ba shaida ba ce. Lambar furosesa ce shaida.

Sai tebur, wato RAM. Ana auna shi da giga. Giga 4 shi ne mafi ƙanƙantar abin da Windows 11 take karɓa, amma da ka buɗe jadawalin lissafi, ka buɗe shafi uku ko huɗu na intanet, tebur ya cika, yaron shago ya koma zirga-zirga zuwa sito, kai kuma kana zaune kana kallo. Giga 8 ya ishi aikinmu. Ku kuma tambaya ko ana iya ƙarawa nan gaba, domin a wasu ƙananan kwamfutoci a liƙe yake da allon ciki, yadda ka saye shi haka za ka mutu da shi.

Na uku sito. Iri uku ne a kasuwa. Akwai tsohon faifai mai juyawa, HDD, wanda a cikinsa akwai faranti yana gudu da allura a kansa. Shi ne ya kashe mu a hanyar Ɗan Isa: abin da ke juyawa ba ya son jijjiga. Akwai SSD, wadda ba abin da ke motsi a cikinta, ta fi sauri nesa ba kusa ba, ramin hanya bai dame ta ba. Akwai kuma eMMC, 'yar ƙaramar ma'ajiya da ake liƙa wa sababbin kwamfutoci masu arha, galibi giga 64, wadda Windows kaɗai take cinye kusan rabinta. Mai shago zai ce maka wannan tana da giga 500 ko 1000, waccan 256 kawai. Ka tambaye shi wane iri. SSD mai giga 256 ta fi mana HDD mai 1000. Duk takardun ƙungiyar nan tun kafuwarta ba za su cika ko kusurwar giga 256 ba.

Ta yaya za ka gani da idonka? Kada ka dogara da takardar da aka liƙa a jiki, ana ɓare ta a liƙa wata. A kunna kwamfutar, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Wani shafi zai buɗe, ka shiga inda aka rubuta Performance. Nan za ka ga cikakken sunan furosesa da lambarsa, yawan RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD. Minti ɗaya ya isa. Mai shagon da ya hana ka wannan, ka yi masa sallama.

Yanzu ga abin da ke gaban kwamiti. Da kuɗin da aka ware, abu uku ne hannunmu zai kai.

Na ɗaya, sabuwa fil a kwali, irin masu furosesa Celeron, RAM giga 4, ma'ajiya giga 64. Kada mu raina ta, tana da nata alheri. Batirinta sabo ne, ba ta da nauyi, ba ta shan wuta da yawa, da dama daga cikinsu ba su da fanka, don haka ba su zuƙar ƙura. Ba wanda ya taɓa amfani da ita, kuma in a babban shago aka saya akwai garanti. Ga wanda aikinsa wasiƙa ɗaya ce a rana da kallon karatu, za ta yi. Amma jikinta roba ce marar kauri, gaɓar murfinta ba ta daɗewa a hannu da yawa, kuma yawanci ba a ƙara mata komai. In za a sayi sabuwa mai arha, a nemi mai furosesa N100, wanda ya fito a 2023, da RAM giga 8 da SSD. Ta fi Celeron sosai, sai dai kuɗinta ya ɗan haura.

Na biyu, Chromebook. Za ku gan ta da kyau da arha har ku yi mamaki. Ba Windows ce a kanta ba, tsarin kamfanin Google ne, kuma an gina ta ne don mai intanet a kowane lokaci. Word da Excel irin waɗanda muka saba sakawa a kwamfuta ba su hawa kanta. A bakin iyaka, inda layin waya yake rawa tsakanin na Nijar da na Najeriya, wannan wahala ce. Da yawa kuma daga makarantun Turai da Amurka suka fito, wasu har yanzu a kulle suke da sunan makarantar. Ga aikinmu, ban ba da shawararta ba.

Na uku, ta hannu, wadda muke kira 'yar Kwatano, amma irin wadda aka ƙera don ma'aikatu. Manyan kamfanoni a ƙasashen waje suna sayen kwamfutoci masu ƙarfi ga ma'aikatansu, bayan 'yan shekaru su sauya, tsofaffin su biyo jirgin ruwa. Sunayen da za ku riƙa ji su ne ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, da EliteBook ko ProBook na HP. Misali ThinkPad T480, Latitude 7490 da EliteBook 840 G5, duk na wajen 2018 ne. An yi su don a riƙa buɗewa ana rufewa kullum, ana kwance su da sukurdireba, ana ƙara RAM, ana sauya ma'ajiya da batir, kuma saboda sun yi yawa a kasuwa, kayan gyaransu ba su da wuyar samu daga nan har titin Beirut a Kano. T480 ma tana da batir na waje da ake zarewa a sa wani ba tare da an kwance ta ba. Amma a kula, a cikin waɗannan sunaye guda uku akwai masu zubi na 7, akwai masu na 8. Suna ɗaya, ciki daban. A duba lamba.

Ra'ayina shi ne na uku. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai ta hannu tana da nata haɗari, kuma zan lissafa muku su yadda kowa zai iya dubawa.

Batir shi ne abin da ya fi tsufa a jikinta. Ka ce a cire caja, a kunna bidiyo, ka zauna ka sha ruwa na minti 20 kana kallon yadda lambar take sauka. In tana zuba kamar tulu mai huda, ka gane. Windows tana iya fitar da rahoton batir, wanda ke nuna abin da yake ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. Kowane mai gyara ya san yadda ake fitar da shi, ka ce a nuna maka lambobin biyu. In na yanzu bai kai kashi biyu cikin uku na asali ba, ka cire kuɗin sabon batir daga farashi. Ka kuma ɗora ta a kan tebur mai laushi ka duba: in tana rawa, ko wurin da ake jan yatsa ya taso sama, batir ya kumbura. Wannan yana iya kama wuta, kada ka kai shi gida.

Sai kulle. Wasu kamfanoni suna sa kalmar sirri a can ƙasan na'ura, wurin da ake kira BIOS. Da an kunna, a Dell ana danna F2, a HP F10, a ThinkPad F1. In ta buɗe ba tare da neman kalmar sirri ba, madalla. In ta nema kuma mai shago bai sani ba, ka bar ta. Ka kuma haɗa ta da intanet ɗin wayarka tun a shagon, ka ga ba ta fito da sunan wani kamfani tana neman ma'aikacinsa ba.

Bayan haka ka gwada duk abin da hannu yake taɓawa. Buɗe shafin rubutu ka danna madannai ɗaya bayan ɗaya. Soka filash a kowace kafa. Gwada kyamara da lasifika. Buɗe murfi ka rufe, ka ji ko gaɓar tana ƙara ko ta saki. Sa farin shafi ka duba ko akwai tabo ko layi a fuska. Kai kunne wurin fanka. Ba a cinikin biri a sama, kuma hoton da aka turo maka a WhatsApp biri ne a sama.

Yanzu in zo kan abin da ya shafe mu mu kaɗai, masu ƙafa ɗaya a Nijar ƙafa ɗaya a Najeriya. Madannai iri biyu ne. Namu na Faransanci layin farko yana farawa da A, Z, E, R, T, Y. Na Ingilishi yana farawa da Q, W, E, R, T, Y. A da Q sun yi musanya, Z da W ma haka, M kuma ta sauya wuri. A na Faransanci haruffa masu ɗigo da wutsiya irin é da è da ç suna da gurbinsu, amma lambobin layin sama sai ka riƙe Shift kafin su fito. Kwamfutar da ta zo daga Kano ko Legas galibi ta Ingilishi ce, wadda ta fito daga Faransa kuwa tamu ce. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows, har akwai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, amma rubutun da ke jikin madannan ba zai sauya ba, sai dai a liƙa masa takarda. Saboda haka a tambayi wanda zai zauna a gabanta da wane iri hannunsa ya saba. Yaron da zai yi karatu a Zinder ko Yamai bukatarsa daban da wanda zai je Katsina ko Zariya. A kuma duba harshen Windows ɗin kanta, domin akwai wadda ake sayarwa da harshe ɗaya tak, ba ta yarda a sauya.

Akwai wani tarko da ya fi wannan cin kuɗi. A lissafin Faransanci waƙafi yana raba cikakkiyar lamba da guntu, a na Ingilishi yana raba dubbai. Abin da ɗan'uwanmu na Jibiya ya rubuta 1,500 yana nufin dubu ɗaya da ɗari biyar, kwamfutar da aka saita a Faransanci tana iya karanta shi ɗaya da rabi. Haka kwanan wata. Mu da Najeriya duk rana muke fara rubutawa, sannan wata. Amurka wata take farawa. Kwamfutar da aka bar ta a saitin Amurka za ta ɗauki 03/04 a matsayin 4 ga Maris, alhali kai 3 ga Afrilu kake nufi. Mu da muke juya sefa zuwa naira kullum, muna bin ranar biyan bashi, wannan ba wasa ba ne. Ranar da aka sayo ta, a gyara saitin ƙasa kafin a rubuta lamba ko ɗaya.

Caja kuma a karanta jikinta. In an rubuta 100 zuwa 240, tana aiki da wutarmu da ta Najeriya. Bakin soket ne kawai ya bambanta, namu mai ƙafa biyu zagayayyu, nasu mai ƙafa uku masu kusurwa, kuma igiyar bango kaɗai ake sauyawa. A nace a kan caja ta asali. Ta jabu ba ta da nauyi a hannu, tana zafi, kuma da wutar janareto mai hawa da sauka ita ce take fara kashe batir.

Girma ma a yi tunaninsa. Mai inci 15 da ɗoriya galibi tana da madannan lambobi a gefen dama kamar kalkuleta, tana da daɗi ga mai zama wuri ɗaya yana shigar da lissafi. Mai inci 14 ta fi sauƙin ɗauka, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi. Ta reshen iyaka za ta riƙa hawa babur, don haka 14 nake gani.

Ban faɗi farashi ba da gangan, domin wannan jawabi za a buga shi a mujallarmu, kuma kun fi ni sanin cewa tun da aka saki naira a 2023 farashin safe ba shi ne na yamma ba. Abin da zan ce shi ne a tambaya a ɓangarorin biyu a rana ɗaya, a juya da canjin ranar, a haɗa da kuɗin mota. A kuma tuna cewa in ta ba da matsala, wurin da aka saya za a koma. Ragin jaka biyar ko goma bai kai wahalar tsallaka iyaka sau biyu da matacciyar kwamfuta ba. A nemi mai shago ya ba da kwanakin gwaji a rubuce, ko da mako ɗaya ne. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar jikin kwamfutar. Wannan takarda ita ce za ta yi maka magana a shingen hanya, ita ce kuma za ta raba ka da zargi in ta tabbata kayan sata aka sayar maka. Araha ba ta ado, kuma arhar da ta wuce hankali a ji tsoronta.

Kada a kashe kuɗin duka a kan na'urar. A rage na jaka mai soso, na filash biyu, da na batir in ta kama. Manhajar rubutu da lissafi ma ba dole sai ta sata ba, akwai LibreOffice, kyauta ce, tana buɗe takardun Word da Excel, tana kuma da Faransanci da Ingilishi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40, kada a bar ta a cikin mota, kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma inda iska ba ta shiga ƙasanta. Bayan hunturu a kai ta a hure mata ƙura. Kafin a hau hanya a kashe ta gaba ɗaya.

Na bar mafi muhimmanci a ƙarshe, domin shi ne ya kunyata ni. Kowace kwamfuta tana mutuwa, sabuwa da tsohuwa, SSD ma tana mutuwa, kuma ita ba ta yin ƙas-ƙas ta gargaɗe ka. Tun daga waccan rana, duk ranar Alhamis ina kwafe lissafin ƙungiya a filash biyu, ɗaya a aljihun tebur, ɗaya a gidan ma'aji. Filash ɗin nan ba sa zuwa shagon hoto-kwafi, domin can ake kwaso ƙwayar cuta. Duk ƙarshen wata ina buga jadawalin a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu. Littafin Baba ma'aji kuma yana nan, ba wanda zai sake yi masa dariya. Ina roƙon taro ya mayar da wannan doka, a ofis da reshe, ko ni ne a kan teburin ko wani.

Don haka ga abin da nake gabatar wa taro. A saya wa reshen iyaka ta hannu irin ta ma'aikatu, mai inci 14, zubi na 8 ko sama, RAM giga 8, SSD giga 256, madannai na Faransanci tun da mai riƙe reshen da su ya koya. Kada a aiki mutum ɗaya kamar yadda aka aike ni. A je mu uku: ni, da wani daga kwamiti, da mai gyaran da ba shi da alaƙa da shagon. In taro ya fi son sabuwa saboda garanti, ba zan yi jayayya ba, amma a ƙara kuɗi a sayi mai RAM giga 8 da SSD, kada a sayi mai giga 4.

Ga mambobi kuma, duk wanda zai saya wa kansa ko ɗansa, ya biyo ofis kafin ya biya. Ya sa mai shago ya buɗe shafin nan da na faɗa, ya ɗauki hotonsa da waya ya kawo mini, mu karanta tare. Ba na karɓar ko dala. Bashi ne nake biya.

 Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya ba mu kasuwa mai kyau a ɓangarorin biyu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Shugaba, na mayar maka da magana.